Hoton murjani na kurkusa: me ya sa komai ke fitowa shuɗi, kuma wanne ne launinsa na gaskiya?

Nura A.
Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema. Tankina na ruwan gishiri ya shekara ɗaya da wata huɗu, lita 250 ne. A ciki akwai murjani mai rai, irin na teku: Acropora mai rassa guda uku, Montipora ɗaya, Zoanthus kala-kala, da Euphyllia mai kan guduma. In na tsaya gabansa da yamma, abin da idona ke gani ba ya misaltuwa: kore kamar an kunna masa wuta daga ciki, kan rassan Acropora kuma shunayya. Amma da na ɗaga kyamara sai komai ya rine, kamar an tsoma hoton a baba. Ga kuma matsala ta biyu. Na samu lens na makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa kurkusa, mai 100mm, amma in polif ɗaya (ɗaya daga cikin 'yan halittu masu yatsu da suka haɗu suka yi murjani) ya fito tar, sauran duk dishi-dishi suke. Wani lokacin ma ko ɗayan ba ya fita. Kusan hoto ɗari uku na ɗauka a makon nan, babu wanda zan iya nunawa. Ina nake kuskure?

Malam Habu
Wa alaikumus salam. Nura, bar maganar launi tukuna, masu ita za su zo. Fara da gilashi. Ka kankare cikinsa tun da daddare, ba lokacin da za ka ɗauki hoto ba, domin dattin da ka tayar yana daɗewa yana yawo a ruwa, kuma murjanin kan tsuke in an dame shi. Wajen gilashin ka goge da tsumma mai laushi da ruwan daɗi. Ka duba maganaɗisun gogewarka kada tsakuwa ta maƙale a ciki, ƙwaya ɗaya ta isa ta yi maka zane, kuma zanen da ido ba ya kula da shi lens na makro yana ganinsa.

Sannan ka kashe fitilun ɗaki, ka ja labule, ka sa riga mai duhu. Ka kashe famfunan kaɗa ruwa, ka jira kamar minti biyu komai ya lafa. Kyamara a kan ƙafa-uku, ka sa mata jinkirin daƙiƙa biyu don kada hannunka ya girgiza ta. Abu mafi girma: bakin lens ya fuskanci gilashi ɗoɗar, kada ya karkata ko kaɗan, sama ko gefe. In murjanin na ƙasa ne, sauke ƙafa-ukun, kada ka sunkuyar da kan kyamara.

Kuma ka sa ƙararrawa a waya ta tuna maka ka mayar da famfo. Ni ba na wuce minti goma sha biyar.

Nura A.
Na gode Malam. Gaskiya ina karkatar da ita, domin Acropora ɗin da na fi so yana can ƙasa ta hagu. Amma ɗan karkacen nan ne zai ɓata hoto haka?

Injiniya Sale
Shi ne kuwa, ƙanena. Haske yana lanƙwasa duk lokacin da ya fita daga wani abu ya shiga wani. Ma'aunin lanƙwasar ruwa kusan 1.33 ne, na gilashi kusan 1.5, na iska 1. In ka fuskanci gilashin kai tsaye, lanƙwasar kaɗan ce kuma daidai take ta kowane gefe. Da ka karkata, sai kowane launi ya lanƙwasa da nasa gwargwadon, shuɗi daban ja daban, shi ya sa kake ganin gefen abu da wani zare mai launi, hoton kuma ya ƙi fita ko ka murɗa saiti yaya. Iya kaurin gilashinka iya munin abin. Wanda tankinsa mai lanƙwasasshen gaba ne kuwa, sai dai ya ɗauka ta gefe ko ta sama.

Maganar polif ɗaya da ke fita, wannan ba laifinka ba ne, lissafi ne. A girman 1:1, wato abu ya sauka a kan sensa, farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, da ainihin girmansa, kaurin wurin da ke fitowa tar a f/8 (lambar ƙofar haske ce, iya girman lambar iya ƙanƙantar ƙofar) bai fi milimita ɗaya ba a kyamara mai cikakkiyar sensa. A f/2.8 bai kai rabin milimita ba. Reshen Acropora kuwa ya fi haka kauri nesa ba kusa ba. Za ka ce to bari in tsuke ƙofar haske zuwa f/22. Nan ma akwai tarko: a 1:1, f/16 yana aiki ne kamar f/32, haske ya ragu, kuma hoton gaba ɗaya ya yi laushi saboda haske na watsuwa in ya bi ta ƙaramar kafa. Ni tsakanin f/8 da f/11 nake zama.

Wani abu mai daɗi: ruwa yana jawo abu kusa. Abin da ke nisan santimita 20 a cikin ruwa, lens yana ganinsa kamar a 15 yake. To murjanin da kake ganin ya yi maka nisa, mai yiwuwa lens ɗinka ya kai gare shi.

Anti Rabi
Sun gama maka da gilashi, bari in ɗauki launi. Fitilun da muke sa wa murjani shuɗinsu ya yi yawa da gangan, galibi tsakanin 14,000K da 20,000K a ma'aunin zafin launi, wanda iya hawansa iya shuɗin haske, wasu ma in an bar shuɗi zalla sun wuce abin da ake aunawa da wannan ma'aunin. Yawancin kyamarori kuwa a 10,000K saitin farinsu yake tsayawa. Ka ga tun nan an fi ƙarfinta. Idonka da ƙwaƙwalwarka suna rage shuɗin da kansu in ka ɗan jima a gaban tanki, ita ba ta da wannan baiwar.

Hanya uku ce. Ta farko, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ba JPEG ba. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom ma'aunin zafin launi na RAW yana kaiwa 50,000K, sai ka ja shi har farin yashi ko wani abu mai ruwan toka ya dawo daidai. Ta biyu, in fitilarka tana ba da damar sarrafa kowane launi, ka rage shuɗi ka ƙara fari na ɗan lokacin ɗaukar. Ta uku, filta mai rawaya ko ruwan lemo a gaban lens, ta tare wani kaso na shuɗin tun kafin ya isa sensa.

Ka riƙa duba jadawalin haske mai nuna ja, kore da shuɗi daban-daban. Sau da yawa hoton a ido kamar ya yi duhu, alhali layin shuɗi ya riga ya bugi bango. Abin da ya ƙone a nan babu manhajar da za ta dawo da shi. Gara ka rage haske kaɗan, ka ɗaga daga baya.

Auwalu
Anti, mu da waya kawai muke da ita fa? Ko mu haƙura?

Anti Rabi
A'a Auwalu, kada ka haƙura. Akwai filta da ƙaramin lens na makro masu maƙalewa a waya. Matsalar waya ita ce sai ta matso sosai, santimita kaɗan, kafin makro ɗinta ya yi aiki, don haka sai abin da ke jikin gilashi. Dabarar ita ce ka matso da ƙaramin murjanin kan 'yar kantar nan mai maganaɗisu da ake mannawa a jikin gilashi, ka bar shi kwana ɗaya ya saki jiki. Ka manna wayar a jikin gilashi, wannan ma ya raba ka da karkata da kuma inuwar ɗaki. In wayarka na da saitin hannu da RAW, yi amfani da su, domin in ka bar ta da kanta tana ƙara wa launi gishiri.

Baba Ilu
Ku yi mini haƙuri, ni fa maganar filtar nan ba ta kwanta mini ba, kuma zan faɗa. Shekarun baya na ga hoton wani Zoanthus wurin wani mai sayarwa, ja da ruwan lemo kamar garwashi. Na saya da murnata. Da ya iso na sa a tanki, wata uku ina jira, abu ruwan ƙasa da ɗan jan da sai ka ƙura ido. Lafiyarsa ƙalau, yana ma haihuwa, amma ba shi ne na hoton ba. Da na yi magana aka ce fitilata ce. Tun daga nan in na ga hoton murjani yana walƙiya, yashin gefensa kuma ya koma ruwan lemo, na san an yi aiki. Yanzu ga yaro yana koyo, farkon abin da za a ɗora shi a kai shi ne filta da jan ma'auni. Ina amfanin hoton da ba shi ne abin da ke cikin ruwa ba? Ni a wurina a kunna farar fitila, a ɗauka, abin da ya fito shi ne gaskiya.

Anti Rabi
Baba, abin da aka yi maka bai dace ba, kuma alamar da ka faɗa gaskiya ce: in yashi ko farin gindin da aka ɗora murjani ya canza launi, an wuce gona da iri. Amma ban yarda cewa filta ce mai laifi ba. Hoton Nura na yanzu, wanda ba filta ba gyara, shi ma ai ba abin da ke cikin ruwa ba ne. Ya ce yana ganin kore da shunayya, kyamara ta ba shi shuɗi zalla. Wanne ne ƙarya a ciki? Ni abin da nake nema shi ne in ajiye hoton kusa da tanki, in dubi wannan in dubi wancan, su yi kama. In filta ce za ta kai ni nan, zan sa ta.

Baba Ilu
To ai nan gizo ke saƙar, 'yata. Idon wa? Ke kin ce ido na gyara da kansa. Naki gyaran daban, nawa daban. Farar fitila kuwa kowa ya san ta.

Dakta Hadiza
Baba, in ka ba ni dama in shiga tsakani, domin ina ganin kowannenku yana riƙe da rabin zancen. Launin murjani iri biyu ne a haɗe.

Akwai ruwan ƙasan da ke fitowa daga 'yan ƙananan gansakuka masu ƙwayar halitta ɗaya da ke zaune cikin naman murjanin, waɗanda ake kira zooxanthellae. Su ne ke sarrafa haske su ciyar da shi. Akwai kuma sunadarai na murjanin kansa. Wasunsu launi ne kawai kamar rini, irin shunayya da ruwan hoda na kan rassa. Wasu kuma masu ƙyalli ne: suna shan haske shuɗi, wajen nanomita 450, su mayar da shi kore ko ruwan lemo ko ja. Wato hasken da kake gani daga jikinsu yake fita, ba wanda ya bugi jikinsu ya dawo ba. Wannan ba dabarar masu sayarwa ba ce. Osamu Shimomura ya fara ware koren sunadarin mai ƙyalli a 1962 daga wata halittar teku mai jikin kitse-kitse, Aequorea victoria, kuma a kansa shi da Martin Chalfie da Roger Tsien suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008. Jan da ake kira DsRed, wanda ake aiki da shi a ɗakunan bincike, daga Discosoma aka samo shi, irin wanda da yawanmu muke da shi a tanki.

A ƙarƙashin farar fitila ƙyallin yana nan, hasken da ke dawowa ne ya danne shi, kamar taurari da rana tsaka. A ƙarƙashin shuɗi da filta mai rawaya kuma an ɗauke abin da ke danne shi, sai shi kaɗai ya rage. Masu bincike ma haka suke duba ƙyalli. Kuma a teku kanta, ruwa yana shanye ja tun a 'yan mitocin farko, murjanin da ke zurfi a cikin shuɗi yake rayuwarsa. Farar fitilar ɗaki ba ita ce gidansa ba.

Don haka ni ba zan ce ɗaya ne gaskiya ɗaya ƙarya ba. Inda cuta take shi ne a nuna wa mutum hoton ƙyalli a bar shi yana zaton haka abin yake a kowane haske.

Baba Ilu
Dakta, na ƙaru, ban san jan nan daga jikinsa yake fita ba. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya. Duk wanda zai sa hoto a nan don sayarwa ko musaya, ya sa biyu, ɗaya a farin haske ɗaya a shuɗi, ya kuma faɗi ko ya sa filta. Wanda ya ɗauka don ya rataya a bango, wannan ruwansa.

Anti Rabi
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Baba. Zan ƙara da cewa kada a taɓa ma'aunin ƙara kaurin launi. Daidaita fari gyara ne, ƙara kauri kuwa ƙari ne.

Injiniya Sale
Ni a nan ban bi ki gaba ɗaya ba, Anti. Hoton RAW yana fitowa a kwance, ko JPEG ɗin da kyamara ke bayarwa ai ta ƙara masa kauri da kanta kafin ki gani. Ɗan ƙari kaɗan don ya kamo abin da ido ya gani ba laifi ba ne. Kuma akwai koren da allon waya ba ya ma iya nunawa yadda yake a tanki. Iyakar dai ita ce wadda kika faɗa da farko, hoto kusa da tanki.

Nura A.
Allah ya saka da alheri, ina rubutawa duka. Tambaya biyu. Filashi fa? Sannan na ji ana haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya don komai ya fito.

Injiniya Sale
Filashin kan kyamara zai bugi gilashi ya dawo maka. In ka cire shi ka haska ta sama zai yi aiki, kuma yana tsayar da motsi, amma farin haske ne mai ƙarfi, zai danne ƙyallin ya ba ka ruwan ƙasa. Don duba lafiyar nama yana da kyau. Don launi, fitilar tanki ta fi.

Haɗa hotuna kuwa, ka ɗauki ashirin ko talatin, kowanne ka matsar da saiti gaba kaɗan, sai manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta tsinci wurin da ya fita a kowanne ta haɗe. Kyamarori da yawa yanzu suna matsar da saitin da kansu. Sharaɗin shi ne kada abin ya motsa. Montipora da Acropora suna haƙuri. Euphyllia ɗinka ko famfo a kashe yana lilo, Xenia kuwa, wani murjani mai laushi, buɗewa da rufewa take yi ba tsayawa. Irin waɗannan hoto ɗaya za ka yi, saurin ƙiftawar kyamara wajen 1/200 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO, saitin da ke ƙara wa hoto haske, ka zaɓi kan yatsa ɗaya ya fito, sauran su narke a baya. Sau da yawa ma ya fi kyau haka. In ka ga layi-layi a hoton, fitilar LED ce ke ƙyaftawa in an rage mata ƙarfi, sai ka bar ƙiftawar lantarki ka koma ta inji, ko ka rage sauri.

Malam Habu
Tun da an ambaci matso da murjani da ɗauka ta sama, dole in yi gargaɗi. Ɗauka ta sama da akwatin leƙe mai gindin gilashi tana da kyau ƙwarai, yawancin murjani ta sama suka fi launi domin nan haske ke sauka. Amma igiyar kyamara a wuya ko a hannu, kullum, kuma ka goge gishiri daga jikinta da ka gama.

Na biyu ya fi muhimmanci. Kana da Zoanthus. Shi da ɗan uwansa Palythoa wasunsu na ɗauke da dafin palytoxin, wanda aka fara warewa a Hawaii a 1971, kuma yana cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani. Ba a gane mai shi da ido. Safar hannu da tabarau duk lokacin da za ka taɓa su, kada ka taɓa da rauni a hannu, kada ka kankare su a waje, kuma kada a kuskura a zuba wa dutsensu tafasasshen ruwa, tururin ya kwantar da mutane a asibiti. Hoto bai kai wannan ba.

Dakta Hadiza
Nura, in ka samu saitin, ga abin da za ka gwada. Ƙirga yatsun polif. Murjani masu laushi irin Xenia takwas ne cif, kowanne da 'yan gashi a gefe kamar gashin tsuntsu. Masu ƙashi kuwa shida-shida suke tafiya. Da wannan ƙirgar ake raba Goniopora mai 24 da Alveopora mai 12, waɗanda a ido kamar abu ɗaya ne. Ka kuma leƙa bayan fitila ta mutu da awa ɗaya ko biyu, za ka ga wasu sun fito da yatsun cin abinci da ba ka taɓa gani da rana ba.

Nura A.
Na dawo bayan kwana huɗu. Na sauke ƙafa-uku, na daidaita lens da gilashi, f/9, ISO 800, RAW, famfo a kashe. Hoto 24 na haɗa na Acropora ɗin ƙasa. Ga biyu kamar yadda Baba ya ce, na farko a farin haske ba filta, na biyu a shuɗi da filta mai rawaya, ban taɓa kaurin launi ba. Wallahi da ya fito a kwamfuta na daɗe ina kallo. Kowane ɗan kofi da polif ɗinsa a ciki, ga wasu ɗige-ɗige kore a jikin reshen da ban san da su ba.

Anti Rabi
Masha Allah! Wannan ai kamar ba mutum ɗaya ne ya ɗauki na makon jiya ba. Abin da ke bayansa ya ɗan yi hayaniya, nan gaba ka nemi kusurwar da babu dutse mai haske a baya.

Baba Ilu
Ya yi kyau, ɗana, duka biyun. Amma buɗe na farin hasken ka faɗaɗa ƙasa ta dama, inda reshen ya haɗu da dutse. Akwai wurin da nama ya janye ƙashi ya fito, kuma ina ganin wasu 'yan ƙwayoyi ruwan ƙasa a cure a kansa. Sama da nan kaɗan, a cikin reshen, akwai tabo zagaye-zagaye masu haske guda huɗu ko biyar. A na shuɗin ba su fito sosai ba. Dakta, ki duba mana.

Dakta Hadiza
Na gani, Baba, idonka ya kama. Ya yi kama ƙwarai da shimfiɗaɗɗiyar tsutsar nan mai cin Acropora. Tabon zagayen wurin cizonta ne, ƙwayoyin kuma ƙwanta, a kan ƙashin da ba nama take ajiye su. Ita kanta da wuya a gan ta, launin murjanin take ɗauka ta lafe. Nura, kada hankalinka ya tashi, da wuri aka gani. Ciro shi ka sa a roba da ruwan tankin, ka fesa masa ruwa da sirinji da ɗan ƙarfi, ka duba ko wani abu mai faɗi zai faɗo. In ya tabbata, sai tsomawa a maganin murjani bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Maganin ba ya kashe ƙwai, don haka a kankare su, ko ma a yanke reshen sama da wurin a jefar da gindin. A maimaita tsomawar duk mako har wajen mako shida, kuma duka Acropora ukun, ba shi kaɗai ba. In kana da wani tanki na killacewa, can ya fi.

Nura A.
Na yi yanzun nan. Biyu sun faɗo, sun kwanta a gindin robar suna motsi a hankali. Na ɗauke su hoto su ma. Sauran Acropora biyun na duba gindinsu da lens a farin haske, ɗaya ban ga komai ba, ɗayan akwai tabo biyu. Ba ni da tankin killacewa, amma akwai ƙaramin mai lita 40 da ba na amfani da shi. Zai isa, Malam Habu?

Malam Habu
Zai isa. Cika shi da ruwan babban tankin, ka sa hita a maki 25 zuwa 26 na Celsius, ƙaramin famfo, da fitila. Ruwa kaɗan yana saurin canzawa, don haka ka riƙa auna gishiri da sinadarin alkali na ruwan kullum, kana ƙara ruwan daɗi gwargwadon abin da ya ƙafe. Kada ka bar ko ɓallin Acropora ɗaya a babban tankin, har wanda ya manne a dutse ka kankare shi. Kuma duk ranar tsomawa ka ɗauki gindin kowanne daga wuri ɗaya, da haske ɗaya, ka turo mu gwada da na yau.